Sawun Tsohuwa

Kwana ashirin da uku da rasuwar maigidana aka sace Tsohuwa.

Tsohuwa babur ɗinsa ne, haka yake kiranta. Baƙa ce, mai dogon salansa na hayaƙi, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba, don daga hannun mahaifinsu ya gaje ta. Shekara talatin yana hawanta zuwa rumfarsa ta gyaran agogo. Mutanen layinmu sukan ce Mai Agogo ya kashe wa kansa kasuwa, tunda da an ji tarin Tsohuwa da safe kowa ya san bakwai ta yi.

Ran Alhamis na je asibiti karɓo maganin hawan jini. Na dawo wajen sha ɗaya na tarar da ƙofar sito a buɗe, kwaɗo yana rataye, ba a fasa shi ba. Makullin yana nan a ƙusarsa bayan ƙyauren kicin, inda 'yan gida kaɗai suka sani. Babu Tsohuwa, babu hular kwanon maigida, babu rigar ruwansa. Sai tabon baƙin mai a inda take tsayawa.

Gidan haya muke, ɗaki shida. Kafin in gama salati tsakar gida ta cika. Ba wanda ya kama suna, amma kowa ya gama maganarsa sai idonsa ya tafi ƙofar ɗakin Dogo.

Dogo ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar mini. Shekarunsa ashirin da biyar. Ya taɓa bin abokan banza, aka kama su da wayar wuta ta sata, ya yi wata shida a gidan yari. Shekara biyu ke nan da fitowarsa yana buga bulo, bai ƙara ɗaukar ko allurar wani ba. Amma mutane ba sa ƙirga shekara biyun, wata shidan suke ƙirgawa.

Da la'asar ƙanin maigidana ya zo, wanda muke kira Baba Ƙarami. Ɗan acaba ya sauke shi a bakin ƙofa, ya zauna a bencin tsakar gida cikin doguwar rigarsa, bai ƙara tashi ba. Ya ce tun ranar rasuwa ya san za a yi haka, yaron nan sayar da babur ɗin zai yi wa masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Daga zaunen ya buga wa 'yan sanda waya.

Dogo ya shigo da ƙurar siminti a gira, ya tarar da su. Ya ce wani sabon gini ya je neman aiki a bayan gari, ba wanda ya san shi a can. Suna sa masa ankwa bai kalli kowa ba sai ni.

"Inna, ke ma?"

Na kalli ƙasa. Allah ya sani na kalli ƙasa. Da bakina ya buɗe a lokacin da ban rubuta wannan ba.

* * *

Da sassafe na kai masa abinci caji ofis. Ya ƙi fitowa. Sajen da ke kan teburin karɓar ƙara ya dawo mini da kwanon, ya ce yaron ya ce a gaya mini ko an sake shi kada in ƙara sa ran ganinsa. Ya ce ran Litinin za su kai shi kotu, kuma mai tsohon laifi in ya koma gaban alƙali, shekaru ake magana ba watanni ba.

Na zauna a dakalin ofishin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da maigida. Miji ya tafi, ɗa zai bi bayansa, kuma wannan da hannuna na tura.

Saje ya fito ya tsaya a kaina. Ya ce shi ba shi da mai a mota balle ya bi babur. Amma akwai wani tsoho mai gadin kasuwar katako, ana ce masa Mai Sawu, da can shanun sata yake bi, ko su 'yan sanda in abu ya shige musu duhu wurinsa suke zuwa.

Na same shi zaune a kan kututture, ɗan ƙaramin mutum, ido ɗaya ya yi fari, da siririyar sanda a hannu. Ina ba shi labari yana kallon ƙafafuna, bai ɗago ba sau ɗaya. Na kwance bakin zanena na zube masa 'yan kuɗin da ke ciki. Ya ture da sanda. Tambaya ɗaya ya yi, yaushe aka yi ruwa na ƙarshe. Na ce daren Laraba.

"Tashi mu tafi, 'yata, kafin rana ta cinye mana shaida."

* * *

A sito ya durƙusa ya daɗe. Sannan ya zagaye wani sawu da bakin sandarsa, takalmin roba mai yankakken dunduniya, ya tambayi na waye. Na gane shi nan take. Na Dogo ne. Na yi niyyar in ce ban sani ba, sai na tuna shirun jiya, na faɗi gaskiya.

Ya ce sawun nan ba na rana ɗaya ba ne, wani kan wani yake, kuma baƙin man babur ya ɗiga a kan na ƙarshen ya bushe. Mai takalmin nan ya saba shigowa, yakan zauna a kan wancan bokitin. Me yake yi?

Sai a lokacin na faɗa da bakina abin da na sani na ƙi lura da shi. Tun rasuwar ubansa, duk bayan kwana uku Dogo yakan shiga sito ya tayar da Tsohuwa ta ɗan yi ɗumi, ya kashe, ya zauna shiru. Ran Laraba da yamma ma ya yi. Ni kuwa har na taɓa shinshina rigarsa ko wani abu yake sha a ciki.

Mai Sawu ya nuna mini wani sawun a kan na Dogo, takalmin fata mai sulɓin ƙasa. Wannan na jiya ne, in ji shi.

Daga nan muka je wurin Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu. Tela ya rantse ya ji tashin Tsohuwa wajen tara, ya leƙo ya ga bayan mutum da hular kwano da rigar ruwan Mai Agogo, har allura ta soke shi don ya zaci marigayin ne ya dawo karɓar wandonsa. Doguwa ce surar, amma tangaɗi yake yi kamar mai koyo. Da aka tambaye shi wa yake zargi, ya rage murya ya ce a binciki Injiniya, bakaniken bakin titi, wanda sau uku yana taya babur ɗin, na ukun ma a zaman gaisuwa.

Injiniya yana kwance ƙarƙashin wata mota muka same shi. Da ya ji abin da ya kawo mu ya fito yana huci, ya ce Tela ya fara mayar wa mutane ragowar yadinsu kafin ya kira wani ɓarawo. Gaskiya ne yana son Tsohuwa, wane bakanike ne ba ya sonta? Amma Mai Agogo bai taɓa barinsa ya ɗora mata sifana ba. Mai Sawu kuwa ƙafafun Injiniya yake kallo, manya kamar faranti cikin silifa. Ya juya zai tafi. Injiniya ya ce wallahi ƙafarsa ƙafarmu, sai an wanke sunansa a gabansa.

* * *

Ni ban ga komai a layin ba sai taɓo da sawun jama'a. Shi kuwa tsohon yana tafe a gefen hanya kamar mai karanta wasiƙa. Tayar bayan Tsohuwa tana da faci, kuma duk juyi ɗaya facin yakan bar tambari. Tsakiyar hanya ruwa ya kwanta, don haka mai babur ɗin ya bi gefe inda ba a cika takawa ba.

Mun yi taku kamar ɗari huɗu, daidai kwalbatin da ke ƙarshen layi, ya tsaya.

Ya ce nan ta mutu masa. Ya nuna inda taya ta yi maciji, inda ƙafa biyu suka sauka, inda aka kafa jak. Ya nuna wani rami da dunduniyar hagu ta haƙa, ya ce mutumin ya tsaya a nan yana buga kik har ya gaji, ya huta, ya sake. Gaba kaɗan ga shatin tafin hannu da na mazaunai a taɓo. Injiniya ya yi tsaki, ya ce kik ne ya dawo ya doke shi, haka tsofaffin injuna suke yi wa wanda ya matsa musu.

Daga kwalbatin sawun ya canja. Mutum yana tura babur, ƙafar hagu tana taka ƙasa duka, ta dama yatsu kaɗai, taku gajere. Muka bi ta bayan makaranta, ta wani lungu mai ciyawa, har wani kango da aka yi watsi da gininsa. A ɗaki na biyu, ƙarƙashin tsofaffin kwanon rufi, ga Tsohuwa a jingine. Hular tana rataye a madubi. Na ɗauki rigar ruwan na rungume, har yanzu da ƙamshinsa a wuyanta.

An ciro kafireta, wato tukunyar da ke haɗa fetur da iska ta ba inji, an wargaza ta a kan buhun siminti. Injiniya ya durƙusa kamar an kashe masa ɗa. Ya ce dubi kan sukurori, da wuƙa aka kwance su. Duk bakaniken da ya san aikinsa sai ya fara duba ko mai yana sauka kafin ya taɓa kafireta, wannan aikin likitan jaki ne. Ya jijjiga tanki, cike yake. Ya ciro fulogi, fari fat, a bushe. Kofin kafiretar ma ko danshi babu, kuma ba datti a ciki ko ƙwaya ɗaya, Mai Agogo ya riƙe ta kamar cikin agogo.

Ya leƙa ƙarƙashin tanki ya duba makullin mai, wanda ke sakin fetur daga tanki. Hannun makullin yana kallon ƙasa. Ya ce ga shi a buɗe. Ya zare tiyon, ko ɗigo bai fito ba. Ya busa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce to makullin ne ya toshe.

Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na juya shi gefe. Fetur ya tsiyayo a kan yatsun Injiniya.

Suka zuba mini ido. Na ce ai haka yake. In maigida ya manta bai rufe ba da yamma, ni yake aikowa, kuma abin da ya koya mini ke nan, ƙasa rufe, gefe buɗe. Injiniya ya ce duk babur ɗin duniya ƙasa buɗe ne, gefe rufe. Ya duba da kyau, ya ga an taɓa cire hannun an mayar da shi a juye. Ya ce shi ya sa. Ɓarawon ya ga hannu a ƙasa ya ɗauka a buɗe yake. Ɗan man da ya rage a kofin kafireta tun ɗumin ran Laraba shi ya kai shi kwalbati, yana ƙarewa ta mutu.

Mai Sawu ya tambayi mutum nawa suka san da wannan. Na ce ni, da marigayi, da Dogo.

"To ɗanki bai ɗauki babur ɗin nan ba."

Na zauna a kan bulo ina jin maganar tana shiga jikina kamar ruwan zafi. Tsoho mai ido ɗaya ya gani a taɓo abin da ni da na haife shi na kasa gani a fuskarsa.

* * *

Injiniya ya haɗa kafiretar a nan kangon, muka turo ta gida da rana tsaka ta ƙofar baya, aka rufe a sito. Mai Sawu ya ce kada kowa ya ji. Ya ce gobe da hantsi in share tsakar gida tun daga bakin ƙofa, in yayyafa ruwa, in hana yara takawa. Shi zai je wurin Saje.

Ran Asabar suka taru. Tela, Injiniya, maƙwabta. Baba Ƙarami ya riga kowa zuwa, ina ɗaki na ji sallamarsa, kafin in fito ya zauna a bencinsa. Saje ya shigo da Dogo da ankwa. Kwana biyu kacal, amma idonsa ya faɗa. Bai kalle ni ba.

Aka fito da Tsohuwa. Tsakar gida ta ɗauki salati. Mai Sawu ya ce wa Injiniya ya tayar da ita yadda ya same ta. Injiniya ya bar hannun makullin a ƙasa, ya buga, ta tashi da ɗan man da ya bari a kofi. Ta yi ta tari kamar minti ɗaya da wani abu, ta shaƙe, ta mutu. Ya buga sau biyar, shiru.

Saje ya cire wa Dogo ankwa. Dogo ya zo, bai ko sunkuya ba, ya zura hannu ƙarƙashin tanki ya juya makullin gefe, ya ɗan jira kamar yadda ubansa yake yi, ya ja cok rabi, ya taka sau ɗaya. Ta tashi ta zauna daram. Wata maƙwabciya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mai Sawu ya ba da labarin kwalbati a taƙaice. Saje yana gyaɗa kai. Sai Baba Ƙarami ya yi gyaran murya daga benci, ya ce wannan ba hujja ba ce, yaro yana iya aiko abokinsa ya manta bai gaya masa ba.

"Haka ne," in ji Mai Sawu. "Taso ka gwada mana kai ma, Malam."

Baba Ƙarami ya ce bayansa ke ciwo.

Tsohon ya miƙa sandarsa ya bi ƙasar da na share, tun daga bakin ƙofa har ƙafar benci. Kowa ya bi sandar da ido. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa. Hagu duka, dama yatsu kaɗai. Saje ya je ya ɗage bakin doguwar rigar. Idon sawunsa na dama ya kumbura ya yi baƙi, an ɗaure shi da tsumma.

Tsohuwa tana ta bugawa. Dogo ya kashe ta, ya juya wajen baffansa.

"Baba Ƙarami, ka san don wa aka juya makullin nan? Don kai ne."

Ya ce ubansa ya gaya masa ranar da ya fara koya masa tuƙi. Shekara ashirin da suka wuce Baba Ƙarami ya kama ɗaukar babur ɗin ba izini, ya dawo da shi da rauni. Mai Agogo ba ya iya faɗa da ƙaninsa, sai ya zauna da 'yan sukudirebobinsa na agogo ya juya hannun makullin. Sau biyu ta mutu wa Baba Ƙarami a kwalbati, sau biyu yana turo ta gida, daga nan ya haƙura.

Tela ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye.

Baba Ƙarami ya dafe kai. Ya ce babur ɗin ubansu ne, yana ɗan shekara bakwai ake ɗora shi a kan tankinta, aka ba Yaya ita, shi ba a ba shi komai ba. Ya ji tsoron a sayar wa masu gwangwan, ya ce bari ya ɓoye ta a wurinsa. Da ta mutu, ya lalata kafireta, ya ga jama'a sun riga sun yanke wa Dogo hukunci, sai ya bi bayansu. Ya zaci kwana ɗaya za a riƙe yaron.

"Yaya ce mini ya yi datti ne a kafireta," ya faɗa yana kuka. "Har a gabana ya buɗe yana hurawa. Shekara ashirin na yarda."

Saje ya tambaye ni me muke so a yi. Na ce ba ni aka sa wa ankwa ba. Dogo ya kalli ƙafar baffansa ya ce ta ishe shi, amma kada ya ƙara taka gidan nan. Saje ya ce duk da haka sai ya bi shi ofis ya rubuta da hannunsa. Injiniya da Tela suka kama shi, ɗaya dama ɗaya hagu, suna tafe suna zagin juna a kan kansa. Na juya in yi wa Mai Sawu godiya, har ya kai bakin layi, kansa a ƙasa.

* * *

Maƙwabta suka yi ta zuwa suna cewa dama su sun san Dogo ba zai yi ba. Dogo ya wuce ta gabansu. Ya shiga ɗakinsa ya fito da jaka, ya ɗaure a bayan Tsohuwa da igiyar roba.

Na tsaya a gabansa. Na ce na yi shiru a inda bai kamata uwa ta yi shiru ba, kuma ba ni da wata magana bayan wannan. Ya sa hular ubansa. Ya juya makullin, ya taka, ya fita.

Na bi shi har bakin ƙofa ina saurare. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah Tsohuwa ta mutu ba sai ranar. Na ƙirga har kwalbati. Ta wuce lafiya lau, ƙararta ta yi nisa ta ɓace.

Na koma na zauna a kan bokitin sito, inda yake zama. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Na ɗora tukunya don hannuna ya sami abin yi, na auna na mutum biyu kamar kullum.

Rana ta kusa faɗuwa na ji tarin daga ƙarshen layi. Ban tashi ba, na ji tsoron in tashi ya zama kunnena ne. Ya turo ta har cikin sito, ya kafa jak. Jakar tana nan a ɗaure, bai kwance ba. Ya tsaya ya daɗe da hannu a kan tanki.

Sannan ya zura hannun ƙasa ya mayar da makullin yana kallon ƙasa.

A gidanmu ba a rufe wa Tsohuwa mai sai in nan za a kwana.